Hoton Bayana

Litinin, 3 ga Yuni

Shugabar kwalejin koyon jinya ta kira ni ofis. Na zaci maganar ranar yaye ɗalibai ce kamar kowace shekara, har na zauna ina ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Wai bana mu biyu za mu ɗauki hoto, ni da wani. Bayan taro su duba aikin kowa, wanda ya fi kwanta musu shi zai riƙe aikin daga yanzu.

Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar yayen kwalejin nan. Na san tagar da rana ke shigowa ta lalata fuskoki, na san katakon dandamalin da ke ƙara in an taka. Na ce wane ne wanin? Ta juyo min wayarta. Ɗan Gayu ne, wannan da ya buɗe shago bara, mai rataya kyamara biyu.

Na ce, "Ba komai, ranki ya daɗe." Da komai mana.

Kuma bana ne Auta za ta gama a kwalejin. A gaban 'yata za a gwada ni.

Alhamis, 6 ga Yuni

Na leƙa shafin Ɗan Gayu a waya. Sau ɗaya kawai, don in ga abin da ake ta zuzutawa.

Sau huɗu na leƙa. Hotunan suna da kyau. Kayan aiki ne, ba hannu ba. A ba ni irin kyamararsa a gani.

Asabar, 8 ga Yuni

Buɗe sabon ɗakin karatu. Mu shida masu hoto a gaba, wurin ba ya ɗaukar mutum huɗu.

Muna da ƙa'ida a wurin taro, ba a rubuce take ba. Na gaba ya durƙusa. Kafin ka miƙe ka waiwaya, ko akwai gilashin kyamarar wani a bayanka. In ka samu naka, ka taɓa kafaɗar na kusa da kai sau biyu, ka matsa, shi ma ya samu. Ni na koya wa rabin masu hoton garin nan wannan. Ɗan Gayu ban koya masa ba, amma yana yi, har ya fi ni saurin durƙusawa. Gwiwar sabuwa ce.

Ya taɓa kafaɗata sau biyu ya ce, "Baba, shigo nan, hasken ya fi." Baba! Ni na haife shi? Kuma yau ni za a nuna wa inda haske yake?

Na shiga dai. Hasken ya fi ɗin.

Lahadi, 9 ga Yuni

Uwar yara ta ce tun Litinin nake shan mur kamar wanda aka ci wa kasuwa. Na ce gajiya ce. Ta ce, "Gajiyar da ke sa mutum kallon waya yana tsaki?"

Laraba, 12 ga Yuni

Mai Tsani ya zo shago. Tsohon abokina ne, tare muka fara aikin nan, ba ya zuwa taro sai da ɗan tsaninsa saboda gajarta. Shi ma bakinsa Ɗan Gayu. Yaron kirki, yaron ladabi, ya ara masa batir ranar nan. Na ce to ka ba shi 'yarka mana. Ya yi dariya har yana tari. Ni ban yi ba.

Abin da ke ƙule ni, da mugun hali gare shi da na huta. Ba shi da abin da zan kama.

Asabar, 15 ga Yuni

Tseren gudu. Ban so rubuta wannan ba.

Muna layin ƙarshe tun safe, rana ta gasa mu. Ni ne a gaba a durƙushe, daidai inda mai nasara zai ratsa zaren. Ɗan Gayu yana bayana, ya saita dogon gilashinsa ta saman kafaɗata. Na san yana nan, ina jin ƙamshin turarensa ma.

Mai gudun farko ya ɓullo, jama'a suka ɗauki ihu. Saura taku kaɗan ya taɓa zare sai na miƙe tsaye. Ban waiwaya ba. Ba mantawa na yi ba, littafin nan nawa ne, wa zan yi wa ƙarya?

Na samu hoton, ya yi kyau sosai. Shi kuma sai na ji kyamararsa ta yi ƙarar nan tata, tas-tas-tas, ta tsaya.

Mai Tsani ne daga saman tsaninsa ya ce, "Haba, kai kuwa?" Na yi kamar ban ji ba.

Lahadi, 16 ga Yuni

Na jira ya saka hoton bayana a shafinsa ya ci min mutunci. Bai saka ba. Hoton wanda ya zo na biyu da na uku ya saka, ya rubuta cewa na farko ya kuɓuce masa. Ya kuɓuce masa wai.

Da ya zage ni da na samu abin faɗa.

Laraba, 19 ga Yuni

Auta ta gwada rigar yaye a falo, hular ta yi mata yawa, uwarta ta sa mata allura. Ta ce, "Baba, nawa kai za ka ɗauka ko? Kar ka bar wa wancan." Na ce in ban ɗauki naki ba na wa zan ɗauka?

Juma'a, 21 ga Yuni

Gwaji a ɗakin taro. Hanyar tsakiya mutum ɗaya take ɗauka, kuma daga nan kaɗai ake samun fuskar ɗalibi da hannun Shugaba a tare. Muka shirya: kowa ya yi ɗalibi ashirin a tsakiya, ya koma gefe, ɗayan ya shiga.

Na ƙirga a takardar sunaye. Auta ta faɗo cikin ashirin ɗinsa na ƙarshe.

In roƙe shi? Bayan abin da na yi ranar tsere? Allah ya kiyaye. Zan ɗauke ta daga gefe.

Asabar, 22 ga Yuni

Ban san ta inda zan fara ba.

Ni a tsarina ɗalibi ɗaya, latsawa biyu. Shekara ashirin da uku haka nake, har gori nake wa masu ɓarin hoto. Yau ina gefe ina jin kyamarar Ɗan Gayu tana tas-tas-tas, sai zuciya ta ɗebe ni. Kar Shugaba ta ji tasa kaɗai ke aiki. Na shiga latsawa, ɗalibi ɗaya hoto goma, goma sha biyar. Har masu raba ruwa na ɗauka. Ko sau ɗaya ban duba abin da ya rage a katin ajiyar hotuna ba, ni da nake koya wa mutane dubawa.

Saura mutum biyu a kira Auta, sai na ji an taɓa kafaɗata sau biyu. Ɗan Gayu ne, ya rarrafo daga tsakiya. Ya ce a hankali, "Baba, taka ce ke zuwa. Shiga." Ashe Mai Tsani ya gaya masa.

Ban ko ce na gode ba. Na ja gwiwa na shiga tsakiya. Aka kira sunanta. Ta hau dandamali, ta taka katakon nan mai ƙara, ta miƙa hannu, ta juyo tana nema na. Na latsa.

Shiru. Na sake latsawa. Kati ya cika.

Ɗayan katin yana cikin jaka, jakar tana can ƙarshen ɗaki. Haka na durƙusa da kyamara a ido kamar mai aiki, 'yata tana yi min murmushi, ni kuma ba abin da nake ɗauka. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba. Sai da ta sauka, wasu huɗu suka wuce, sannan na ga hannu ta gefena riƙe da kati. Nasa ne. Na karɓa.

A waje Auta ta ce, "Baba, mu gani!" Na ce sai an wanke.

Talata, 25 ga Yuni

Na kai hotuna kwaleji. Ɗalibi biyar babu. Shugaba ta tambaya, na faɗa mata gaskiya, ban da dalilin.

Alhamis, 27 ga Yuni

Sun ba Ɗan Gayu aikin. Shugaba ta yi ta zagaye-zagaye a waya, shekarun da na yi musu, ba za su manta ba. Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Na rufe shago da wuri.

Ina zuwa gida na tarar ya aiko da ambulan. Hoto ɗaya, babba. Daga bayana ya ɗauka, tunda na tare masa tsakiya. Ga ƙeyata, ga furfurar da ban san ta kai haka ba, ga kafaɗuna a dunƙule. Ta saman kafaɗar kuma ga Auta, takarda a hannu, hular ta karkace, ba kyamara take kallo ba, ni take kallo.

Uwar yara ta daɗe riƙe da shi. Ta ce, "Ka san wannan ne hoton farko da kake ciki tare da yaran nan?" Na ce ba haka ba ne. Ta ɗauko akwatin hotuna ta ajiye a gabana. Na duba har ƙasa. Haka ne.

Auta ta ce, "To ina naka?" Na gaya mata. Ta ce wannan ma ya isa.

Lahadi, 30 ga Yuni

Na sa shi a firam, don kar ya lalace ne kawai. Hasken gefen hagu ya ɗan yi yawa. Da ni ne da na rage.

Da ni ne da babu hoton.

Asabar, 6 ga Yuli

Taron raba kyaututtuka na makarantar firamare. Na riga kowa zuwa, na samu tsakiya. Ɗan Gayu ya makara, ya tsaya baya yana ɗage. Na mayar masa da katinsa, ya ce, "Haba Baba, da ka riƙe." Har yanzu Baban nan yana sosa min rai. Kyamararsa ma har yanzu ta fi tawa, kuma har yanzu ina jin haushi.

Na latsa biyu, na samu nawa. Na waiwaya. Na taɓa kafaɗarsa sau biyu.

Gwiwata ce ke ciwo, shi ya sa na matsa.