Jan Tabo a Gefen Hotuna

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Injiniya da 'yar jikata, amaryata, wadda na ji an ce haƙoranta na gaba sun zube. Ki gaya mata ban fasa auren ba, ni ma nawa suna hanya.

Ga hotunan da na yi miki alkawari. Fim ɗin da na sa a tsohuwar kyamarata tun zuwanku na bara sai makon jiya ya ƙare. Za ki ga na farkon, na kwanakin da kuke nan, sun fito tas. Amma daga inda kuka tafi sai wani jan tabo ya riƙa cin gefen hotunan kamar gobara. Ya ci rabin kujerar mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta. Ya cinye kyanwar maƙwabta ɗungurungum, wannan kam ban yi baƙin ciki ba.

Mai wankin hoto ya rantse ba daga ruwansa ba ne. Na yarda da shi, ko da yake ban taɓa haɗuwa da mai sana'ar da ruwansa ya yi laifi ba. Gwaggonki kuwa ta dubi hoton kujerar, ta ce a yi sadaka.

Yaushe ake ba yara hutu? Tambaya kawai nake yi.

Ki gaida kowa.
Babanki.

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin amaryata da murar? Allah ya ƙara sauƙi.

Na samu saƙonki cewa aiki ba zai bar ki ki zo wannan hutun ba. Babu komai, ni ma aiki ya yi mini yawa: ina binciken tabo. Ki gode wa Injiniya da ya ce a jefar da kyamarar a sayo mini sabuwar waya. Ki tuna masa da wannan kyamarar aka ɗauki hoton aurensa, har ta yi masa alfarma ta rage masa kunnuwa.

Na kakkaɓe littattafaina na ɗaukar hoto. Da ƙarzuwa ce, da layi za a gani miƙaƙƙe. Da ɗigon ruwa ne, da tabon ya yi zagaye. Hasken da ya kutso ta gaba fari yake bari. Ja kuwa yana nufin ta baya ya shigo, kamar ɓarawo mai ladabi. Na shiga banɗaki da tsakar rana, na toshe taga da bargo, na riƙa bin jikin kyamarar da tocila. Mutum mai furfura, tsaye a duhu, yana yi wa akwati tambayoyi! Da mahaifiyarki na nan da ta yi dariya har ta zauna. Na gano wurin: soson da ke gefen murfin baya, inda yake lanƙwashewa, ya narke ya zama kamar kwalta, yana maƙale wa yatsa, ya bar ramin da haske ke kutsowa.

Abu ɗaya ya rage ban gane ba. In rami ɗaya ne, me ya sa naku suka tsira?

Ki kula da kanki.
Babanki.

'Yata,

Ina gaishe ki da gidanki duka, da fatan kowa lafiya.

Na gano amsar, kuma ban ji daɗinta ba. Idan an ɗauki hoto aka murɗa fim, hoton yakan matsa ya tsaya daidai bakin ramin nan, yana jiran a ɗauki na gaba ya ture shi ciki. Da kuna nan ba na sauke kyamarar: amaryata ta hau kujera, ta faɗo, ta shafa sabulu a gira. Kowane hoto ya wuce kafin haske ya taɓa shi. Da kuka tafi, sai in ɗauki ɗaya in rataye ta kusa da taga. Na jera hotunan a kan tebur, na ga ashe ja yana ƙaruwa ne gwargwadon daɗewar da na yi ban ga abin ɗauka ba. Na kujerar mahaifiyarki damina guda ya yi a wurin.

Duk lokacin da kika kira ina ce miki lafiya ƙalau, kina yarda. Kyamarar ce ba ta iya ladabi ba.

Na sayo sabon soso, gyaran ba zai kai shan shayi ba. Yana nan kan tebur ban liƙa ba, don in na liƙa, hotunan ma za su koyi cewa lafiya ƙalau. Sabon fim dai na sa. Hoto ɗaya na ɗauka, na ɗakinki, bayan na share shi na shimfiɗa zanen gado. Na murɗa. Yanzu haka yana tsaye a bakin ramin.

A wasiƙar farko na ce tambaya kawai nake yi. Ba tambaya ba ce, Auta. Ki zo.

Babanki.