Kifin Inna da Dokar Duba-gari

Zuwa ga Likita, baturen da ya shugabanci wasan da aka yi a filin bariki, wanda kuma duba-gari ke aiki a ƙarƙashinsa.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da uwargida, ni ne Sule tela na Tudun Wada. Abin da ya sa na rubuto bai kai tsawon yatsa ba, amma ya hana gidana sakat.

Na farko. Ranar wasanku na ba da kwabona na jefa zobe. Fitilar ƙwai nake hari, don idona ya soma gazawa wajen zura zare da magariba. Zobe ya tsallake fitila ya faɗa kan kwalba mai jajayen kifi biyu. Aka tafa mini, uwargidanka ta miƙo da murmushi, shi ke nan. Ba wanda ya ce mini ga abincinsu, ko ga irin ruwan da suke so. Ni kuwa duk kifin da na taɓa sani, a miya na san shi.

Na tako da kwalba cikin rana tun daga bariki, ruwan ya yi ɗumi kamar na wankan jariri. A gida muka yi musu karamcin baƙi, tuwo, gutsuren ƙosai, har da fura. Ruwa ya yi kauri, kafin gari ya waye ɗaya ya juya ciki sama. Na bi waɗanda su ma suka samo kifi a wasan na tambaya, su Malam Yohanna na makarantar mishan da Tanko mai wanki, babu wanda nasa ya ga Juma'a. Ku kuka ɗauki rai kuka zuba a kwalba kuka jera shi tsakanin sabulu da madubi.

Na biyu. Wanda ya rage, mahaifiyata ce ta karɓe shi. Tun rasuwar mahaifinmu Inna ba ta cika fitowa daga ɗaki ba, magana ma sai an ja ta. Ta ce abin da ya shigo hannunka da rai amana ne, za a tambaye ka. Ta fito da randarta mai faɗin baki ta girke a gindin lemo. A hankali ta lura cewa ruwan rijiya sai ya kwana kafin a zuba, kuma ba a canja shi duka, a kwashi rabi a ƙara rabi. Abinci ɗan tsakin gero, iya abin da yatsa biyu suka ɗauka. Yanzu da hantsi a bakin randa za ka same ta, tana yi masa faɗa wai ya cika haɗama. Na ji dariyar Inna, abin da na riga na fid da rai da shi.

Na uku, nan ne raina ya ɓaci. Duba-garinka ya shigo da ludayinsa, ya ga randa a buɗe, ya ce doka ta hana ajiye ruwa ba murfi saboda sauro. Na ce in an rufe kifi zai shaƙe. Na ce ya duba, ko ɗan sauro ɗaya ba zai samu ba, kifin ke cinye su. Ya duba bai samu ba, ya ce shi dai ba a koya masa randa mai kifi ba, ya tuntsurar da ita. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta durƙusa cikin caɓi tana laluben kifi da hannu biyu, har ta samu ta jefa shi a ƙwaryar shanta. Ban zagi yaronka ba, abin da aka aiko shi ya yi. Ya ce zai dawo Alhamis, in ya tarar da randa sai kananzir a ruwa, ni kuma sai gaban alƙali.

To Likita, ka ba ni kifi, ka aiko a ce kada in ajiye ruwa. A ina zan sa shi, a aljihun riga? An ce daga tafkin lambunka aka kwaso su, ban kuwa ji an ce duba-gari ya je ya rufe shi da faifai ba.

Roƙona ke nan. In za ku sake wasa, ku raba sabulu da fitila, ku bar masu rai inda Allah ya ajiye su. In ya zama dole, a tsayar da mai jin Hausa ya gaya wa mutane yadda ake riƙonsu. Sannan kafin Alhamis ka gaya wa duba-gari ya riƙa duba randar Inna duk sanda ya so, amma ya bar ta da ruwanta. In hakan ba zai yiwu ba, kada ka aiko yaro. Ka zo da kanka da kwalbarka, ka karɓi kifin daga hannunta, ka yi mata bayani, don ni ba zan iya ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka tausayin na ƙasa da kai, ya mai da kai ga taka mahaifiyar ka same ta tana dariya.

Wassalam.

Sule tela, Tudun Wada, Zariya.