Labulen Gidan Godogodo

Kafanchan, Maris

Masoyina Gershon,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Wayata ta faɗa bokiti, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Asabar na je Godogodo na ga gidan da ka gina kusa da na Babanka. Gershon, kwano shuɗi! Na leƙa ta taga, har na zaɓi inda zan riƙa zama da yamma, iska na kaɗa labule, kamar matan cikin littattafaina. Labule ruwan hoda zan sa.

A nan kuwa ɗaki na yoyo daidai kan gado, layin bayi kullum har ƙofar Maman Hellen. Cikina ya fara fitowa. A gidanmu nake so in haihu. Yaushe za mu tare?

Taka har abada,
Afiniki

Jere, Afrilu

Afiniki matata,

Na gode wa Allah da kina lafiya. Littattafan nan sun ɓata miki kai. Wa ya ce gidan zama ne? Wa ya rage a unguwarmu in ba tsofaffi da awaki ba? Duk tsarana suna Abuja.

Na gina shi ne saboda ranar da Ubangiji zai kira Baba. Baƙi za su zo, ba zan sauke su a ɗakin laka a yi mini dariya yadda aka yi wa Simon a jana'izar uwarsa ba. Sabo nake so su same shi, ba hayaƙin girki a bango. Duk albashina na gidan mai can ya tafi. Bayan biso sai ki shiga. Ki matsar da gadon.

Mijinki,
Gershon

Kafanchan, Mayu

Gershon,

Ina gaisuwa. Na matsar da gadon, yoyon ya bi shi.

Na koma Godogodo. Layin nan duk gidaje masu kyau, kowanne da kwaɗo a ƙofa. Ina can wasu masu ƙirga gidaje suka zo, suka tambayi Baba mutum nawa ke kwana a naka. Ya ce, "Ni kaɗai ne, 'ya'yana, amma ban shiga ba tukuna." Suka kwashe da dariya, shi ma ya yi.

Ya gasa mini doya da hannunsa, ya yi wa cikina addu'a. A mota ina dawowa na kama kaina ina lissafin shekarunsa. Gershon, a littattafaina muguwa ce ke yin haka, ita ce nake tsinewa. Kai ka mai da ni ita.

Allah ya ja kwanan Baba. Na rubuta wannan ne don in ji ko zan iya.

Afiniki

Jere, Yuli

Afiniki,

Gaisuwa. Baba ya kwanta, fuskar likita ba daɗi. Ki sayi labulen nan yanzu. Fari, ba ruwan hoda ba, baƙi za su gani.

Gershon