Inna ta kasa faɗin sunanka

Daga Kurfi, ran Laraba.

Zuwa ga Yaya Abdullahi a Madani, ƙasar Sudan.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jikinka, ya iyali, ya aikin auduga? Mu nan lafiya lau, sai kewarku.

Yaya, maganar zuwan Inna wurinka ta cije. Mun hau mota a nan Kurfi zuwa Katsina neman fasfo da izinin shiga Sudan. Akawun ofishin baƙo ne, ya ce dole ta faɗi sunan wanda za ta je wurinsa da bakinta. Ka san Inna da kunyar ɗan fari, tun da ta haife ka ba ta taɓa kiran sunanka ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yayan wannan ne." Na buɗe baki zan faɗa, ya daka mini tsawa, wai ba ni ya tambaya ba. Da ya sake tambaya sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya ce uwar da ba ta san sunan ɗanta ba ai ba uwarsa ba ce. Ya ture takardun, wai mu dawo bayan kaka.

Abin da ke damuna, ƙafafunta kullum ƙara kumbura suke.

Jiya na iske ta bayan rumbu ita kaɗai, tana gwada sunanka a hankali. Ta kai "Abdu", sai murya ta maƙale.

Ka gaida Hajara da yara. Ka roƙa wa Inna Allah ya buɗe bakin nan kafin ƙafafun su ƙi tafiya.

Ƙaninka,
Sale