Akwatin da ke Kan Talbijin ɗin Malhui

Sokcho, farkon bazara

Zuwa ga ƙanwata Malhui,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Inna tana gaishe ki da kyau. Ni kam tawa gaisuwar ta dole ce.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba. Jarida ta ce za a datse wasan kwaikwayon nan na talbijin na safe, "Ƙofa a Buɗe", wai ba shi da 'yan kallo. Ba shi da 'yan kallo! Ki zo kasuwarmu ki gani, ko wutsiyar kifi ba a sayarwa sai an gama. Amma mu nan ba a ƙirga mu. Ku na Seoul ake ɗora wa akwatin nan mai gaya wa masu talbijin tashar da aka kunna, gida ɗaya a madadin dubbai. Kada ma ki fara rantse-rantse. Mijinki ya sha ya yi tatul ranar tunawa da Baba, ya faɗa mini akwai ɗaya a kan talbijin ɗinku.

Na san ki sarai, kin waye, wasan safe na 'yan ƙauye ne. To, wannan ba irin na mare-mare da watsa ruwa a fuska ba ne. Matar ko ɗaga murya ba ta yi. Kwanon shinkafa kawai take cusawa ƙarƙashin bargo kada ya huce, ko ƙanenta da ya ɓace a yaƙi zai shigo. Wa kika sani mai yin haka? Ko kin manta ba a taɓa kulle ƙofar gidanmu ba saboda Kawu Chilseong, wanda hannunsa ya suɓuce daga na Inna a bakin jirgin ruwa lokacin yaƙi?

Inna ta rame, Malhui. Abinci ba ya shigar mata sai an kunna wasan nan. Tana ɗaukar cokali tana cewa, "Bari in ci, ban ga haɗuwarsu ba tukuna." Ban roƙe ki sisi ba. Danna maɓalli ne kawai, in yatsanki bai fi ƙarfin haka ba.

Yayarki,
Okbun

Sokcho, tsakiyar bazara

Malhui,

Ina fata kuna lafiya, kuma hawan jinin da kika ce na tayar miki ya sauka.

Ke kika jawo. Na rubuto miki shafi guda cur, kika amsa mini da layi biyu: "Yaya, na yi alkawarin ba zan yi maganar akwatin da kowa ba." Ni ce kowa? Ni da na goye ki har bayana ya ƙage?

Shi ya sa da ƙungiyarmu ta kasuwa ta tashi fita yawon ganin furanni, na ce wa direba ya manta da furanni, ya nufi Seoul. Kin ga laifi don mun cika miki falo? Ai ba hannu rabbana muka zo ba, busasshen kifin da muka jibge miki zai kai ku kaka. Kowace ta danna maɓallin da ke ƙirga baƙi da yatsanta, uwar su Dongpal har sau biyu, tana ce wa akwatin, "Ƙirga ni da kyau, ɗan nema, daga nesa na zo!" Ke kuwa kina rakuɓe a bakin ƙofa kamar an yi miki mutuwa.

Yanzu kin ce kamfanin ya ga taron ya yi yawa, sun zo sun kwance akwatinsu sun tafi da shi. Kuma sai yanzu kike gaya mini tun ranar da aka fara wasan kike kunna shi kowace safiya, kina kuka a kicin saboda ba kya iya kallon matar. Haba Malhui! Bakinki ciwo yake yi? Da kin ce mini haka, me zai kai ni Seoul da mota cike da mata? Kin riƙe wa baƙi alkawari, kin bar 'yar'uwarki tana hauka a titi. Wannan shirun naki tun muna yara yake cin raina.

Okbun

Sokcho, farkon damina

Malhui,

Ina gaisuwa. Mu nan ba lafiya ba.

Sun datse shi. Ki gaya wa mijinki ya daina cewa gida ɗaya ba ya sauya komai, ban tambaye shi ba.

Marubuciyar ma Allah ya isa tsakanina da ita. Abin da ya rage na wata uku ta tattare shi a mako guda, kamar mai kwashe kaya ruwa ya taso. Ƙanen bai zo ba. Ko wasiƙa, ko kabari. Matar ta ciro kwanon daga ƙarƙashin bargo, ta juye wa kaji, ta fita ta ja ƙofa ta sa sakata. Sai tallan sabulu.

Na zazzage su tas, na ce ƙarya ce, ranar Litinin za a ci gaba. Inna ta dube ni ta ce, "Okbun, ni ba yarinya ba ce." Ta ajiye cokali, ta lallaba da sandarta har bakin ƙofa. Sakatarmu ta ci tsatsa, ta ƙi motsi. Ta yi ta fama da ita, na hana ta, ta ture ni. Da ta gaji ta ce in sayo mata kwaɗo a kasuwa.

Na ce na manta. Washegari ma na ce na manta. Jiya ta aiki uwar su Dongpal, ita kuma sakaryar ta sayo. Yana hannun Inna yanzu, ta ce jira take ki iso, kada ta kulle ki a waje. Tun ranar ruwan shinkafa kawai take kurɓa.

Har yanzu ban huce da ke ba, kuma ba na jin zan huce. Amma ki hau motar farko ki taho, Malhui. Ki zo ki karɓe kwaɗon nan daga hannunta, ni na kasa.

Yayarki,
Okbun