Watul ɗin Bakin Tagar Warren

Anti Noelene, don Allah ki taimake ni da shawara. Abin ya fi ƙarfina, kuma garinmu ƙarami ne, duk wanda na faɗa wa sai maganar ta zaga ta dawo kunnen maigidana.

Mijina Warren masunci ne, ko in ce a da can. Ciwon suga ya cinye masa ido. Kafin idon ya tafi ya shuka ɗan icen nan da muke kira watul mai ƙamshi, irin mai farin furen nan, daidai ƙarƙashin tagar ɗakinmu. Kin san ƙasarmu ta bakin teku, yashi ne zalla. Na sha shuka furanni iskar gishiri ta ƙone su, amma wannan ko ruwa ba mu ba shi ba ya tashi har ya kai taga. Tsakani da Allah ba wani kyau gare shi ba, siriri ne kamar tsumagiya. Sai dai in sanyi ya fara shigowa wajen Mayu, kamar yadda yake mana a nan kudancin duniya, ya yi fure, ƙamshin ya cika ɗakin. Da safe Warren zai ja kujera bakin taga, ya ce kifi ya fara haurowa arewa, ya hau ba ni labarin jirginsa da abokansa da suka rasu. A watannin nan kaɗai nake ganin mijina na da. Sauran shekara daga rediyo sai shiru.

Ɗanmu Darcy yana cikin 'yan sa-kai masu kashe gobarar daji. Bara ya ga abin da har yau bai iya ba ni labarinsa ba. Yanzu zafi ya kunno kai, ya zo ya share mana busassun ganyen da suka taru a rufi, ya ce a dokar hukuma duk wata shuka da ke manne da bangon katako sai an sare ta. Ubansa ya ce sai dai a sare bayan ransa. Darcy ya rantse ba zai kawo jikokina su kwana a gidan ba wannan Kirsimeti.

Ga inda barci ya ƙaurace mini. Darcy ya ja ni gefe ya ce tunda furen ya zube, kuma uban ba ya zagawa ta wannan gefen, mu sare a ɓoye, ba zai sani ba. Wallahi har na kusa cewa to. Ina tsoron wuta, ina kewar jikokina, kuma ban taɓa yi wa mutumin nan ƙarya ba. Ya zan yi?

Matar Masunci, daga gaɓar kudu

*

'Yar'uwa Matar Masunci, sannu da ɗawainiya. Bari in fara da inda babu ja: kada ki sare shi a ɓoye. Ki tuna Mayu na zuwa. Warren zai ja kujerarsa ya zauna yana jiran ƙamshin da ba zai zo ba, yau, gobe, jibi, ke kuma kina tsaye bayansa da kofin shayi kin san dalili. Mutumin da ya rasa ido da maganarki yake gani. In ya daina yarda da ita, me ya rage masa?

Amma Darcy ba rashin kunya yake yi ba. Na tabbata ya ga gidaje irin naku sun zama toka, kuma yana da gaskiya a kan shuka a jikin katako. Dabararsa ce ba ta da kyau, tsoronsa kam na ɗan da ke son iyayensa ne.

Akwai abin da ku ukun kuka manta. Watul irin wannan ba ya daɗewa a duniya, ko ba a sare ba 'yan shekaru ne suka rage masa. Cire shi a dasa wani wuri ma ba ya yi. Amma yanzu ne 'ya'yansa ke nuna. Ku tsince su kafin ɓawon ya fashe, ki zuba wa ƙwayar tafasasshen ruwa ta jiƙa har ta kumbura, in ba haka ba ba za ta tsiro ba. Ku shuka a yashin nan naku, nesa da bango, ta gefen da iskar teku ke shigowa, don ta kawo masa ƙamshin har taga. Kada ki sa masa kashin kaji ko takin kanti, kashe shi za su yi. Zai iya ɗaukar sanyi biyu kafin ya yi fure, wannan ma ki faɗa wa Warren, kada ki rage komai.

Ki zaunar da su biyun a teburi ɗaya. Darcy ya buɗe baki ya faɗa wa ubansa abin da ya gani bara, ba dokar hukuma ba. Bayan nan hukuncin tsohon icen na Warren ne, shi ya shuka abinsa. Ina kyautata zaton mutumin da ya yi rayuwarsa a teku ya san lokacin da ake juyo da jirgi.

Ranar tsintar irin kuwa ki koma gefe. Yatsun Warren za su gane wanda ya nuna, Darcy ya riƙe masa kwano.

Allah ya tsare ku daga wuta, ya kai ku Mayu tare.

Anti Noelene