Katakan Inna

Yaya Drusilla,

Gideon ya bar masana'antar kujeru, ya dawo gona! Yi haƙuri, na manta gaisuwa. Ina gaishe ki da sunan Ubangiji, ke da maigidanki Menno da yara.

Jikan nan nawa ya ce shi da matarsa Salome za su gwada cuku zuwa bazara. In ya karɓu, shanunmu sun zauna. In bai karɓu ba, za a kai su gwanjo, don kuɗin madara ba ya riƙe gida yanzu. Ni ma na shiga ajin yamma a gari saboda takardar izinin sayarwa. Da furfurata, ina ɗaga hannu kamar ɗan yaro!

Abu ɗaya ke damuna. Curin farko da muka yanka ba shi da ɗanɗano. Gideon ya tauna ya ce, "Kaka, wannan ai sabulu ne." Salome ta yi dariya, amma daga baya na ganta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda muke ajiye cukun, tana share ido. Komai yadda Inna take yi muka yi shi. Me muka rasa?

Ƙaninki,
Enos

Enos,

Gaisuwa mai yawa daga Ohio. Sanyi ya shigo, gwiwar Menno ta fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Sannu ɗan makaranta! Ko rubutunka ya miƙe. To amsa mini: a kan me kuke jera cukun? In ka ce mini sabon katako, sai na zo na ja kunnenka, ko gemunka ya kai cibiya.

Yayarka,
Drusilla

Yaya,

Muna lafiya, Allah ya sauƙaƙa wa Menno.

Sabo ne fil, ni na fere shi. Tsofaffin katakan sun tafi tun shekarar da ruwa ya cika ɗakin ƙarƙashin ƙasa, bayan rasuwar matata Fannie. Ba mai yin cuku a lokacin, sai muka hura murhu da su. Jiya wani dillali ya zo da mota yana leƙa shanu. Gideon bai kore shi ba, har kofi ya dafa masa ya sha.

Enos

Enos,

Ai ɗanɗanon a jikin katakon yake zaune. Kowane curi da Inna ta shafa wa ruwan gishiri ya bar wani abu a wurin, shi ke kama ɓawon sabon cuku. Ranar aurena ta raba katakanta biyu, ta ɗora mini rabi a keken doki. Har bara ina aiki da su, yanzu hannuna ya daina juya curi.

Mutanenmu za su zo biki wajenku ranar Alhamis da motar haya. Na ba su katakan, a naɗe cikin bargo. Ka gaya wa Salome ruwan ɗumi da gishiri kawai, kada sabulu ya taɓa su. Kai kuma ka cire hannunka, Malam Tsabta.

Allah ya tsare ku.
Drusilla

Yaya Drusilla,

Ya yi! Gaisuwa ta biyo baya.

Da safen nan Salome ta yanka curin da ya kwana biyu a kan katakanki. Ɓawon ja-ja, ƙamshin ya cika ɗakin girki. Na sa a baki, sai ga ni ɗan shekara bakwai a bayan zanen Inna. Gideon ya ci, ya ƙara, ya ce, "Kaka, kuka kake yi?" Na ce barkono ne. Salome ta ce, "Ba barkono a ciki, Kaka."

Dillalin ya dawo da rana. Gideon ya yanka masa yanki guda, ya raka shi har bakin hanya, ya rufe ƙyaure.

Lahadi ta sama a gidanmu za a yi ibada, kuma cukun Salome za a ci da burodi bayan an tashi. Ki ɗauko Menno da gwiwarsa, da yara, da duk wanda motar za ta ɗauka. Ku zo ku gani da idonku!

Ƙaninki,
Enos